Yadda Ake Ɗaura Karkatacciyar Sifinika a Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska, a Tashe Ta, a Sauke Ta Lafiya

Duk wanda ya taɓa doguwar tafiya a jirgin ruwa mai ƙyallen iska ya san irin wannan rana: iska ta lafa, ta koma bayanka, ƙyallen gaba mai nauyi ya saki jiki yana ta kaɗawa a banza, jirgi na tangaɗi, hannunka na ƙaiƙayin kunna inji. Don irin wannan rana aka ɗinka sifinika. Ƙaton ƙyalle ne na nailan, shara-shara, mai tumbi, wanda in iska ta shige shi sai ya kumbura a gaban jirgi kamar babbar rigar mutumin da ya hau babur, ya yi ta jan jirgin gaba.

Iri biyu ce. Tsohuwar, wadda gefunanta biyu tsawonsu ɗaya, sai da doguwar sanda da tulin igiyoyi da mutane huɗu ko biyar. Wadda muke magana a kanta gefenta na gaba ya fi na baya tsawo, shi ya sa na kira ta karkatacciya, kuma ba ruwanta da waccan sandar. Ƙananan jiragen tsere masu ƙafa 18 na Sidni a Ostareliya ne suka fito da ita fili a shekarun 1980, sannan jirgin J/105 da ya fito a 1991 da sandar hanci mai shiga da fita, wato sandar da ke miƙewa gaba daga goshin jirgi, ya kai ta hannun sauran jama'a. Yau mutum biyu, miji da mata ma, suna iya tashinta.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, don duk sauran bayanin a kansa ya rataya: sifinika a inuwar babban ƙyalle ake tashinta, a inuwarsa ake sauke ta, kuma in ta yi gardama can ake mayar da ita. Babban ƙyallen da ke jikin ginshiƙi, wato dogon turken da ke tsaye a kan jirgi, yana tare iska kamar yadda katanga ke tare ta. A bayansa sifinika ba ta da ƙarfin komai, tsumma ce kawai. Da ta leƙo waje, ta zama ingarma.

Agogon iska

Ka ɗauki jirginka kamar fuskar agogo. Goshi ƙarfe 12, gindi ƙarfe 6. In iska ta fito daga ƙarfe 3 ko 9, tana bugun ka a haƙarƙari, digiri 90 ke nan. Ƙarfe 4 ko 8 digiri 120, ƙarfe 5 ko 7 digiri 150. Wannan sifinika tana aiki ne tsakanin ƙarfe 3 da 5, ko 9 da 7 a ɗaya ɓangaren, kuma daɗinta yana wajen ƙarfe 4. A ƙarfe 6 cif ba ta da amfani, don babban ƙyalle ya rufe ta ruf.

Ana auna iskar teku da noti, noti ɗaya kuwa kilomita 1.852 ne a awa. Ranar koyo ka nemi noti 6 zuwa 10 da ruwa kwantacce. In ku biyu ne kawai a jirgi, da ta doshi 15 a fara shirin saukewa. Ga yaudarar da ke ciki: iskar da fuskarka ke ji ba ita ce ainihin iskar ba. In tana kaɗawa da noti 18 daga bayanka, kai kuma kana gudu da noti 7, abin da za ka ji bai wuce 11 ba, ka ce ai lafiya lau. Da jirgi ya ɗan juya ta dawo haƙarƙari, sai duk 18 ɗin su sauka a kan ƙyalle. Ƙarfin da iska ke yi wa ƙyalle kuwa ba da ɗai-ɗai yake hawa ba. Daga noti 10 zuwa 14 ya kusa ninkawa biyu. Saboda haka na'urar da ke nuna ainihin iska za ka riƙa duba, ka kuma riƙa waiwaye kana kallon ruwan bayanka. In ka ga farin kumfa ya fara yawa a kan taguwa, ka samu amsarka.

Ka san kayan aikinka

Kusurwa uku gare ta. Akwai kai, wanda ke hawa sama. Akwai kusurwar hanci, wadda ake ɗaurewa a goshin jirgi. Akwai kusurwar baya, wadda ke yawo a iska. Masu ɗinki kan rubuta sunan kowace a jikinta. In rubutun ya goge, sa alƙalami mai tawada marar fita ka sake rubutawa, don ranar da ka ɗaura ta a birkice kowa a tashar zai gani.

Igiyoyi kuma huɗu. Igiyar ɗagawa ita ke kai kan sama. Igiyar hanci ita ke riƙe kusurwar gaba. Sai biyu da ke ɗaure a kusurwar baya, ɗaya ta bi dama ɗaya ta bi hagu har wurin matuƙi. Waɗannan zan kira su linzami, don aikinsu ke nan. A kowane lokaci ɗaya ne ke aiki, ɗayan yana hutawa. Kowanne ya kai ninkin tsawon jirgi biyu: jirgi mai mita 11, linzami mai mita 22. Kada ya yi kauri da yawa, milimita 8 zuwa 10 ya isa irin wannan jirgi, don igiya mai nauyi tana danne ƙyalle in iska ba ta da ƙarfi.

Sai safa. Doguwar jaka ce ta yadi da ke haɗiye sifinikar tun daga sama har ƙasa, tana da baki mai tauri kamar bakin bokiti, da fuli (ƙaramin gargare da igiya ke bi ta kansa) a can sama, da wata igiya da ta zagayo ta haɗe. In ka ja ɓangare ɗaya bakin ya hau ƙyalle ya fito, in ka ja ɗayan ya sauko ya shaƙe shi. Akwai masu sa na'urar naɗewa maimakon safa, tana da kyau, tana kuma da tsada. A ganina ga mai yawon shaƙatawa safa ta wadatar, kuma in ta lalace a tsakiyar teku allura da zare na iya gyara ta.

Ɗauri, tun jirgi na tashar

Kafin komai, shimfiɗa ƙyallen a ƙasa mai tsabta. Kama kan, bi gefen gaba da hannu har kusurwar hanci, dawo ka bi gefen baya har ƙarshe. In babu murɗiya, ja safar ta rufe shi, ka naɗa cikin jaka yadda kusurwoyin uku za su kasance a sama.

Fara da igiyar hanci. In jirgin yana da sandar hanci, shi ke nan, fulin yana bakinta. In babu, ana maƙala fuli a ƙarfen da anka ke gangarawa a kansa, gaba da wayar da ke riƙe ginshiƙi ta gaba. Amma ka duba ƙarfen nan da kyau. An ƙera shi ne don nauyin da ke jan sa ƙasa, sifinika kuwa sama take fizga. In kusoshinsa ƙanana ne ko babu faranti a ƙarƙashinsu, kada ka yarda da shi. Ka kuma lura kada igiyar ta riƙa gugar fitilun goshi, don tana ɓalle su. Daga fulin, igiyar ta biyo doron jirgi har wurin matuƙi, inda za a iya sassauta ta ko da tana ɗauke da nauyi.

Linzami biyu a ɗaure su a kusurwar baya da ƙullin bolin, wato ƙulli mai zobe da ba ya zarewa, ƙullin ya zama gajere. Na fi son ƙulli a kan ƙugiyar ƙarfe a nan, don in ƙyalle na fizge-fizge ƙarfen nan kan iya fasa wa mutum goshi. Kowane linzami ya bi ta wajen komai: wajen wayoyin gefe masu riƙe ginshiƙi, wajen shingen jirgi, har fulin da ke kusurwar gindi, daga nan ya shigo winci, wato gangar ƙarfe da ake naɗa igiya a kanta a ja ta da ƙarfi. Kada ka yi ƙullin tarewa a ƙarshensa. In abu ya ɓaci, gara igiya ta zare ta tafi da ta riƙe ƙyalle cike da iska jirgi na kwance.

Linzami mai hutu shi ne ke rikita sababbi. Dole ya zagaya gaban jirgi kafin ya koma ɗaya ɓangaren, kuma hanya biyu ce. Ko dai ya bi ta gaban sifinikar gaba ɗaya, ko ya ratsa tsakaninta da wayar gaba. In sandar hancinka doguwa ce, akwai filin da ƙyalle zai wuce ta ciki. In a ƙarfen anka ka ɗaura, tazarar ba ta fi kamu biyu ba, to ta waje za ka bi. Yawancin jiragen yawo ta waje suke bi.

Igiyar ɗagawa kuma dole ta zama wadda ta fito daga ginshiƙi sama da inda wayar gaba ta kama. In ka ari ta ƙyallen gaba, wadda ke fitowa ƙasa da wayar, da ka juya za ta hau kan waya ta yi ta guga har ta tsinke. Kafin ka maƙala ta, ɗaga kai ka bi ta da ido har sama. Ba sau ɗaya ba, sau biyu.

Tashi

Mai zuwa gaba ya sa rigar ceto, ya maƙala igiyar tsaro, ya sa safar hannu. Ya ɗaure jakar a shinge, a ɓangaren da iska ke fita, don jakar da ba a ɗaure ba teku take bi. Babban ƙyalle yana sama, an sake shi waje sosai, an kuma ɗaure sandarsa ta kwance da igiya zuwa gaba don kada ta waiwayo ba zato. Ƙyallen gaba a naɗe shi tsaf.

Matuƙi ya sauke kan jirgi har iska ta koma ƙarfe 5, ko ɗan ƙasa da haka, ya tsaya nan. Aikinsa ke nan, kada ya yi kallon abin da ake yi a gaba ya manta da sitiyari.

Ja igiyar hanci har kusurwar ta isa wurinta, ta ɗan ɗara ƙarfen goshi tsawo, wato ƙarfen shingen da ya kewaye goshin jirgi. Sannan a ja igiyar ɗagawa, safar ta hau kamar dogon maciji har ƙoli, a ɗaure. Tsaya nan ka duba. Igiyar safa ta sauko sumul ko ta naɗe jikin safar? In ta naɗe, warware ta yanzu, don daga baya ba za ka samu dama ba. Na baya ya naɗa linzami sau uku a winci, yadda hannun agogo ke tafiya, ya ɗebe ragowar sako-sako amma kada ya ɗame.

Na gaba ya ce "A shirye?" Sai ya ji amsa kafin ya ja. Farkon ɗaga safar yana da ɗan nauyi, amma da iska ta samu ƙofa sai bakin ya nemi tserewa sama da kansa, igiya na gudu a tafin hannu. Riƙe ɗaya ɓangaren ka rage masa gudu. Da ya kai sama, ɗaure igiyar a gindin ginshiƙi ko wani maɗauri na kusa, sako-sako. Kada ka taɓa sakinta. In iska ta ɗauke ta can gefen jirgi inda hannu ba ya kaiwa, ka rasa hanyar sauke ƙyallenka.

Yanzu matuƙi ya ɗago kan jirgi a hankali zuwa ƙarfe 4, na baya na jan linzami. Za ka ji "fam!", jirgi ya ɗan karkata, ƙarar ruwa a gindi ta sauya.

Riƙo

Kuskuren kowa shi ne ɗame linzami. Ƙyallen da aka ɗame yana da kyan gani, ba ya motsi, amma jan gefe yake yi maimakon jan gaba. Ka riƙa sassautawa har ka ga gefen gaba, can wajen kafaɗa, ya fara naɗowa kamar kunnen littafi. Nan ne daidai. Ja kaɗan ya miƙe, ka sake sassautawa. Masu tsere haka suke yini, ido a sama har wuya ya ƙage. Kai mai yawo ja ɗan ƙari kaɗan ka ɗaure, amma a maɗaurin da hannu ɗaya zai kwance nan take, kuma wani ya zauna kusa da shi.

Igiyar hanci ita ke sauya siffar ƙyallen. In iska na wajen ƙarfe 3, ja ta ƙasa gefen gaba ya miƙe. In kana son gangarawa ƙarfe 5, sassauta ta kamar rabin mita zuwa mita ɗaya, sai ka ga tumbin ya mirgino ta gaban jirgi ya fito daga inuwa. In ka sassauta ka ga kusurwar ta faɗa ɓangaren da iska ke fita maimakon ta hau sama, ko ƙyalle ya fara lilo dama da hagu, ka yi yawa, mayar.

Ga matuƙi doka ɗaya ce, kuma ta saɓa wa abin da ya saba. In iska ta taso da ƙarfi, sauke kai ka bi ta. In ta lafa, ɗago kai ka nemo ta. Wanda ya saba tafiya gaba da iska, jikinsa zai ce masa ya juya cikinta in ta yi ƙarfi. Da sifinika a sama wannan shi ne hanyar kwantar da jirgi.

Masu tsallaka Atlantika a gangamin jiragen yawo da ake kira ARC, wanda tun 1986 ake tashi daga Las Palmas ta tsibiran Kanari a watan Nuwamba, a yi wajen mil 2,700 na teku zuwa yankin Karebiyan, iskar arewa maso gabas ce ke tura su, 'yar'uwar wadda ke kawo mana hunturu. Sau da yawa kusan a ƙeya take bugun su, inda wannan ƙyalle ba ya so. Abin da ake yi shi ne a bi hanya a karkace, yau iska a ƙarfe 5, gobe a ƙarfe 7. Hanyar ta fi tsawo, amma a iska marar ƙarfi gudun da ake samu yana biyan bashin.

Sauya ɓangare

Hanyar da nake ba kowane sabo shawara ba ta da burgewa: gangara ƙarfe 5, sauke safa, kwance igiyar da ta riƙe sandar babban ƙyalle, juya jirgi, zagaya da macijin ta gaban waya da hannu, sake ɗaga safa. Minti biyar, ba hayaniya.

In hannu ya faɗa, sai a gwada ta a buɗe. Jawo babban ƙyalle kusa da tsakiya. Matuƙi ya fara juyawa sannu a hankali, na linzami yana sassautawa daidai da juyin, har kusurwar baya ta tashi ta wuce goshin jirgi, ƙyallen na kaɗawa can gaba kamar tuta. Sai a lokacin za a saki tsohon linzami gaba ɗaya, gindin jirgi ya ratsa iska, a ja sabon da sauri hannu bayan hannu. In matuƙi ya riga ƙyallen juyawa, iska za ta tura shi cikin waya ya naɗe. Tun kafin a fara, a tabbata tsohon linzamin a warware yake, ba ƙafar kowa a kansa.

A nan na taɓa shan kunya, a wani jirgi mai mita 11. Na bar linzami mai hutu ya yi sako-sako har ya zame daga ƙarfen goshi ya faɗa ruwa, jirgi ya bi ta kansa ban sani ba. Da muka zo juyi na ja, na ja, sai na ga igiya na fitowa daga ƙarƙashin jirgi, jiƙe sharkaf, da baƙin fentin gindi a jikinta. Sai da muka sauke safa, muka kwance ƙullin, muka zaro ta ta baya. Allah ya taimake mu ba wanda ya taɓa makunnin inji, da farfela ta naɗe ta. Tun ranar nake ɗora linzami mai hutu a kan ƙarfen goshi, in ɗan ja shi kaɗan, in kuma leƙa shi kafin kowane juyi.

Saukewa, da abin yi in ta yi gardama

Tun kana tunanin ko a sauke, lokaci ya yi. Warware igiyar ɗagawa a shimfiɗe ta. Matuƙi ya gangara ƙarfe 5 ko ƙasa kaɗan, a saki linzami sosai har ƙyalle ya mutu a bayan babban. Na gaba ya zauna daram kusa da ginshiƙi, ba tsaye a goshi ba, ya ja safa ƙasa. In ta ƙi saukowa, kada ka yi kokawa da ita, akwai sauran iska a ciki ne. A ƙara gangarawa, a ƙara saki. In iska ta yi ƙarfi sosai, maimakon linzami a saki igiyar hanci gaba ɗaya, ƙyallen zai koma bayan babban yana kaɗawa ba nauyi, linzami na riƙe da shi kusa da jirgi. Da safa ta rufe, a sassauta igiyar ɗagawa daidai da saurin mai karɓa.

In jirgi ya kwanta, ya juya kansa cikin iska, sitiyari ya daina ji, a saki igiyar babban ƙyalle da wadda ke danne sandarsa ƙasa, a saki linzami da yawa. Igiyar ɗagawa kuwa kada a taɓa ta, don ƙyallen zai yi nisa da jirgi ne ya ƙara jan sa ƙasa. Da jirgi ya miƙe, gangara ka sauke.

In ta naɗe wayar gaba ta yi ɗamara a tsakiya, kada a ja da winci, ƙulli za a ƙara. Gwada jan gefen baya ƙasa da hannu. In ta ƙi, juya babban ƙyalle zuwa ɗaya ɓangaren, iskar da ke kewayowa bayansa za ta sauya hannu, sau da yawa ita ke warware abin da ta naɗa. In kuwa ta faɗa ruwa, tsayar da jirgi, saki kusurwa biyu ka ja ta ɗaya kawai don ruwan ya zube. Ba mai iya ɗaga ta tana cike kamar koma.

Bayan an dawo tasha, a fito da ita daga safa a ɗauraye da ruwan daɗi, a shanya a inuwa, don rana tana cin nailan. Kada a ajiye ta a jiƙe, launuka kan zuba a juna. Ɗaga ta ga haske ka nemi ƙananan huji, musamman wajen da take gugar ƙarfen goshi. Kowanne ka samu, ka liƙa masa tef ɗin gyaran sifinika ciki da waje, ka yanke kusurwoyin tef ɗin su zama zagaye don kada su ɓamɓaro.